Tsatsa Ba Ta Jiran Kasafin Kuɗi

 Yau sharhinmu a kan tsatsa yake, tsatsar da ke cin ƙarafan motsa jiki da aka kakkafa a wuraren shaƙatawa na biranen Manchester da Birmingham. Na san wani zai taɓe baki ya ce: ga tsadar haya, ga kuɗin wuta da na gas, ga dokokin biza da ba sa kwana biyu ba a taɓa su ba, duk an rasa abin ɗauka sai tsatsa? To, a ara mini kunne. Maganar ta shafi lafiyar jikinmu, ta shafi harajin da muke biyan kansul, ta kuma shafi wata ɗabi'a da muka ɗauko tun daga gida, wadda zan taɓo nan gaba.

Ga wanda bai san su ba, ga yadda suke. A gefen filin ƙwallo ko kusa da wurin wasan yara za ka ga ƙarafa shida, takwas, wani wurin goma, an dasa su cikin kankare, yawanci da koren fenti ko ruwan toka. Akwai keken da ake murzawa ba ya zuwa ko'ina, akwai wanda ake ja irin jan masu tuƙin kwalekwale, akwai na tura nauyi da ƙafa, da na juya ƙugu, da doguwar sandar da samari ke reto a jikinta suna ɗaga kansu. Ba mai gadi, ba tikiti, ba rajista. Birmingham tana da wuraren shaƙatawa da filaye kusan 600, Manchester fiye da 140, kuma a da dama daga cikinsu an kafa irin waɗannan ƙarafa.

Su wa ke hawa? Mu ne. Dattijon da ya fito daga sallar asuba barci ya ƙi komawa, uwar da ta raka yara makaranta, direban tasi da ya wuni a kan sitiyari, baiwar Allah da ta tashi daga aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ɗalibin da kuɗin makaranta ya tatse shi har ba ya iya ware fam ashirin ko talatin duk wata don gidan motsa jiki na kuɗi. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowane baligi shawarar ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ya kuma ware kwana biyu na atisayen ƙarfafa tsoka. Mu baƙar fata 'yan Afirka da 'yan'uwanmu na kudancin Asiya, likitoci sun ce haɗarin ciwon suga yana soma hawa kanmu tun daga shekara 25, alhali Turawa sai wajen shekara 40. Wanda ya san haka ba zai kalli waɗannan ƙarafa a matsayin abin wasa ba.

Su kansu filayen, ai don talaka aka yi su tun fil azal. A 1846 aka buɗe Philips Park da Queen's Park a Manchester, da Peel Park a Salford, da kuɗin da jama'a suka yi karo-karo, don ma'aikatan masaƙun auduga su sami inda za su shaƙi iska. A Birmingham wata attajira mai suna Louisa Ryland ce ta ba da filin Cannon Hill aka buɗe shi a 1873. Yawancinmu ma mun san Small Heath Park da Platt Fields ta dalilin sallar idi. Ƙarafan motsa jiki kuwa baƙi ne na baya-bayan nan. Ƙasar Sin ce ta yaɗa su a unguwanninta bayan shirin motsa jiki na ƙasa da ta ƙaddamar a 1995, abin ya ƙara bunƙasa gab da wasannin Olamfik na Beijin a 2008. A Ingila sun yawaita ne a shekarun da suka kewaye wasannin Landan na 2012, kuma sai a 2015 Turai ta fitar da ƙa'idar ingancinsu mai lamba EN 16630. Ka ga ke nan, da yawansu sun haura shekara goma a tsaye, rana da dare, ba rumfa. Yanzu ne aikin da aka yi musu tun farko yake bayyana.

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Da zarar sun haɗu, ƙarfen ya soma komawa jar ƙasar da aka narko shi daga cikinta. Kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye cin wuri, shi ya sa take kumbura fenti ya yi ƙuraje, ya ɓare, ruwa ya ƙara samun hanya.

A nan akwai abin da zai ba Bakano mamaki. Manchester ta yi suna da ruwan sama, amma in aka auna, matsakaicin abin da ke sauka a kudancin birnin a shekara bai kai milimita 900 ba. Kano ma a damina mai albarka tana samun kwatankwacin haka. Birmingham kuwa ruwanta bai ma kai na Manchester ba. To me ya sa ƙofar ƙarfe take shekara da shekaru a Fagge ko Tudun Wada, a nan kuwa keken yaro ya kwana wata uku a bayan gida sai kacarsa ta yi jawur? Amsar tana cikin tsawon lokacin da ƙarfe ke ɗauka a jiƙe. Ruwan Kano yana zuba ne da ƙarfi tsakanin Yuni da Satumba, a yi awa ɗaya ko biyu, rana ta fito ta busar da komai, sannan rani da hunturu su biyo baya, wata bakwai ko takwas ƙarfe na shan busasshiyar iska. A Manchester ruwan yayyafi ne, ana yin sa fiye da kwana 140 a shekara, ranar da ba a yi ba kuma akwai raɓa da hazo, ga rana marar ƙarfi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙarfe yakan yi kwanaki bai bushe ba. Masana ba yawan ruwa suke fara tambaya ba, sa'o'in jiƙa suke ƙirgawa.

A da ma abin ya fi haka muni. A Manchester ne wani masanin sinadarai ɗan Sikotilan, Robert Angus Smith, ya fara bincike a wajajen 1852 kan yadda hayaƙin kwal mai ɗauke da farar wuta yake gauraya da ruwan sama ya koma asid, ɗan'uwan ruwan batir, yana cin dutse da ƙarfe. A littafinsa na 1872 ya raɗa wa abin suna ruwan sama mai asid. Dokar tsabtace iska ta 1956 da rufe masana'antu sun rage wannan bala'i ƙwarai, har ƙarfe a biranen biyu ya fi daɗewa yanzu a kan zamanin kakannin Turawan.

Amma gishiri yana nan. Duk lokacin sanyi motocin kansul suna bin tituna suna watsa gishiri don kada ƙanƙara ta daskare, kuma kaso mai yawa na gishirin daga mahaƙar Winsford yake fitowa, a Cheshire, nan kusa da Manchester. Tayar mota ta fesa shi, takalmi ya kwaso shi, ya sauka a kan matakin keke da gindin turke. Gishiri yana jan laima, yana kuma hanzarta cin ƙarfe. Ga gumin tafin hannunmu, shi ma gishiri ne. Ga kuma abin da mai sauraro zai iya yi wa dariya, fitsarin karnuka. A ƙasar da kusan kowane layi ake kiwon kare, duk wani turke da ke tsaye ya zama wurin ɗaga ƙafa. A 2015 wani turken fitilar titi ya karye ya faɗa kan mota a birnin San Francisco na Amurka, kuma jami'an birnin suka ɗora laifin a kan fitsarin da ya cinye gindinsa.

Saboda haka in za ka duba ƙarfen motsa jiki, kada ka tsaya kallon samansa mai sheƙi. Sunkuya ka dubi inda ya haɗu da kankare ko ciyawa, nan ruwa ke kwanciya. Dubi bakin walda, inda fenti ba ya zama da kauri. Dubi kan noti da ƙarƙashin wurin zama. Dubi murfin roba da ake toshe bakin bututu da shi. In ya ɓace, ruwa yana shiga ya taru a ciki, ya daskare da sanyi, ya narke, ya sake daskarewa. Wannan ita ce tsatsar da ta fi ba ni tsoro, domin daga ciki take cin bututu ta fito waje. Fenti yana nan kore shar, amma kaurin ƙarfen ya tafi. Ranar da ƙato mai kilo 100 ya yi reto a kai, ranar za a sani. Sannan ka saurari ƙarar na'urar. In tana ƙugi ko tana cijewa, ruwa ya shiga boris ya wanke giris.

Mene ne maganin? Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Kashi mafi girma na rayuwar waɗannan ƙarafa an yanke shi ne ranar da jami'in kansul ya sa hannu a takardar saye, tun ba a haƙa rami ba.

Kowa a cikinmu ya san kwanon rufi. Sabo yana walƙiya, ya yi shekaru a haka, sai daga baya ya soma ja, kuma daga ramin ƙusa da bakin da aka yanka yake farawa. Wannan walƙiyar tutiya ce. Ana wanke ƙarfe da asid, a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, ya fito ta manne masa ciki da waje, har cikin bututu inda burushi ba ya kaiwa. Wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, shi ya yi wa dabarar rajista a 1837, kuma yankin Wolverhampton, maƙwabciyar Birmingham, ya yi suna wajen ƙera irin wannan kwano ana lodinsa zuwa ƙasashen da Ingila ta yi wa mulkin mallaka. Har gobe ofishin ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya yana Sutton Coldfield, cikin Birmingham.

Abin da ya sa tutiya ta fi fenti shi ne, ko an karce ta har ƙarfe ya bayyana, ita ce ke fara zaizayewa a madadinsa, ta kare ɗan wurin da aka karce. Fenti kuwa, da ya sami tsaga ɗaya, tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa tana rarrafe. Ƙa'idar ISO 1461 ta tanadi kaurin tutiya daga maikuron 55 a kan bututu mai matsakaicin kauri zuwa 85 a kan ƙarfe mai kauri sosai. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato duk shafin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Amma a yawancin sassan Birtaniya iska ba ta cin fiye da maikuron ɗaya ko biyu a shekara. Yi lissafi da kanka: shekaru talatin, arba'in, wani wurin fiye. In kuma aka ɗora fentin gari a kai, wanda ake fesawa da lantarki a gasa shi a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, fenti ya kare tutiya, tutiya ta kare ƙarfe, sai su daɗe fiye da yadda kowannensu zai yi shi kaɗai.

Matsalar ita ce, a ido ba ka bambance wanda aka tsoma a tutiya da wanda aka fesa wa fenti kawai a kan tsuran ƙarfe. Ranar yanke ƙyalle duk ɗaya suke, duk suna sheƙi a hoto. Sai bayan sanyi uku ko huɗu mai araha zai tona asirin kansa.

Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali da tukunyar silba, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913. Sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, aƙalla kashi goma da rabi cikin ɗari. Yana da tsada, don haka an fi yin noti da mariƙin hannu da shi. Shi ma ba waliyyi ba ne. Gishiri da bilic suna yi masa ƙananan ramuka, kuma a wurin da gishiri ya yi yawa samfurin 316 ake so, ba 304 ba. In aka haɗa ƙarfe iri biyu a wuri mai laima, misali notin da ba ya tsatsa a jikin alminiyum, ɗaya yakan ci ɗaya, sai an raba su da washar roba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin ilimi ne. Wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Dakta Hoar ya ba da rahoto a 1971 cewa tsatsa da dangoginta suna cinye kusan kashi uku da rabi cikin ɗari na arzikin ƙasar duk shekara. Bayan haka ne aka kafa cibiyar nazarin tsatsa a Manchester, wadda yanzu take cikin jami'ar birnin. Wani bincike na duniya a 2016 ya ƙiyasta asarar a dala tiriliyan biyu da rabi a shekara. Wato ilimin yana Manchester, masu tutiya suna Birmingham, hatta ƙungiyar RoSPA mai yaƙi da haɗurra, wadda ke binciken lafiyar kayan wasa a filaye, hedikwatarta tana Birmingham. In ƙarfe ya ruɓe a filayen waɗannan birane biyu, ba za a ce rashin sani ba ne.

Kuɗi ne, da kuma yadda ake raba kuɗin. A Ingila doka ta wajabta wa kansul kula da tsofaffi da marayu da kwashe shara, amma ba ta wajabta masa kula da wuraren shaƙatawa ba. Don haka duk lokacin da aljihu ya tsuke, su ake fara yanka. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta yi shekaru tana rage abin da take ba ƙananan hukumomi. A 2017 wani kwamitin majalisar dokoki ya yi gargaɗin cewa filayen ƙasar sun kai gaɓar da za su soma lalacewa, amma bai nemi a mayar da kula da su wajibi ba. A Satumbar 2023 kuma kansul ɗin Birmingham, mafi girma a Birtaniya, ya fitar da sanarwar sashe na 114, wato ya ce kuɗinsa ba za su iya biyan buƙatunsa ba, musamman saboda bashin daidaita albashin mata da maza da aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Hukumar da ke cikin wannan hali, tsakanin gadon tsohuwa marar lafiya da giris ɗin keke a fili, kowa ya san wanda za ta zaɓa, kuma ba zan ga laifinta ba.

Inda nake ganin laifi shi ne tsarin kansa. Kuɗin sayen sababbin ƙarafa yana da sauƙin samu: daga asusun caca na ƙasa, daga ƙungiyoyin agaji, ko daga abin da ake karɓa hannun masu gina gidaje ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990. Kuɗin gyara kuwa daga kasafin yau da kullum yake fitowa, wanda shi ne ya bushe. Ɗan siyasa yana samun hoto in ya buɗe sabon wuri. Ba wanda ke ɗaukar hoton mai shafa giris. Mu 'yan Nijeriya da Nijar mun san wannan cuta, mun ga rijiyoyin burtsatse da fitilun sola nawa aka ƙaddamar da kiɗa, shekara biyu suka mutu saboda abin da bai kai kuɗin lemon bikin ba. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai ba da kuɗin kafa ƙarafa goma, gara ya kafa bakwai na ƙwarai masu tutiya, ya ajiye ragowar kuɗin don gyaran shekara goma. Kuma a rubuta hakan a cikin kwangila, da sunan wanda zai riƙa zuwa dubawa. Tsarin da aka saba shi ne dubawar ido akai-akai, da gwajin na'ura duk wata ɗaya zuwa uku, da babban bincike sau ɗaya a shekara daga ƙwararre mai zaman kansa. Wannan ba alfarma ba ce, aikin da ya zo tare da kayan ne.

Yanzu na dawo kanmu. Mun taso da kalmar kayan gwamnati, abin da ba na uban kowa ba. Sai mutum ya ga noti ya kwance, ya ga gindin turke ya yi ja yana ɓarewa, ya matsa zuwa na gaba, ya ce ai za su zo su gani. Su wa? Ma'aikatan filayen sun ragu, mutum ɗaya yana zagaya wurare da yawa. Kai da kake hawa keken nan kullum ka fi kowane sufeto sanin ranar da ya sauya ƙara. A nan ƙasar ƙorafin da aka rubuta shi ake aiki da shi. Wanda aka yi a majalisar bakin masallaci iska ce ke kwashe shi. Galibi akwai allo a wurin mai ɗauke da lambar waya. Akwai shafin kansul a intanet, akwai manhajar FixMyStreet da ke aika rahoto kai tsaye ga hukumar da abin ya shafa. Ɗauki hoto, faɗi sunan fili da na'urar, ka ce tsatsa ta ci gindi ko bakin ƙarfe ya yi kaifi. Da zarar an sanar da hukuma haɗari a rubuce, nauyin ya hau kanta, ita ma ta san haka. In shiru ya yi yawa, kansilan mazaɓarka yana da ranakun ganin jama'a. Akwai kuma ƙungiyoyin sa-kai na abokan fili a unguwanni, irin na Platt Fields, kuma a Birmingham suna da uwar ƙungiya mai suna Birmingham Open Spaces Forum. Sau da yawa su ne ke neman tallafin gyara. Fuskokinmu sun yi ƙaranci a irin waɗannan tarurruka, alhali ranar idi mu ne muke cika filin.

Gargaɗi ɗaya: kada kishi ya sa ka ɗauki gwangwanin fenti ko baƙin mai ka je gyaran kayan kansul da kanka. Mai a kan mariƙi santsi ne, wani zai zame. Fenti a kan ruɓaɓɓen ƙarfe kuwa ɓoye cuta ne, sufeto ya zo ya ga lafiya lau. Abin da za ka iya shi ne ka goge gumi da tsumma in ka gama, ka hana yara kankare fenti da makulli ko dutse, in kuma ka ga abin ya yi muni ka gaya wa na kusa kada ya hau.

Af, tunda na ambaci bakin ƙarfe mai kaifi, bari in gyara wata fahimta. Ba tsatsa ce ke kawo cutar tetanus mai sandarar da jiki ba. Ƙwayar cutar a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, ƙarfe mai tsatsa dai yana buɗe mata ƙofa ne. In ka yanke, wanke ciwon sosai, in ya yi zurfi ko ya yi datti ka nemi likita a duba allurarka.

Masu kayan kansu a bayan gida, sandar ɗaga nauyi, benci, lilon yara ko abin tsallen nan mai raga, ku naku a hannunku yake. Ka ɗaga ƙafafun daga kan ciyawa, ka ɗora a kan bulo ko tabarmar roba. Ka wanke da ruwa da sabulu, musamman bayan sanyi ya wuce, ka busar. Kada ka naɗe shi ruf da tamfol har ƙasa, domin laima za ta taru a ciki ta fi ruwan sama ɓarna. Bar masa inda iska za ta ratsa. In ja ta ɓullo, kankare da burushin waya, ka bi da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka goge maiƙo, ka shafa jan fenti na ƙasa ko mai tutiya, sannan na sama hannu biyu. Ƙananan noti kuwa, kwana ɗaya cikin ruwan khal yana cire musu tsatsa, amma a ɗauraye a busar nan take. Lokacin fenti a ƙasar nan daga Mayu ne zuwa Satumba, a rana busasshiya. Wanda ya shafa a kan ƙarfe mai raɓa a watan Disamba ya zubar da kuɗinsa. Feshin WD-40 yana korar ruwa yana kwance noti, amma ba ya zama. Boris da kaca giris suke so. Mai aiki da burushin baƙin ƙarfe a kan ƙarfen da ba ya tsatsa, shi ke shuka masa tsatsa da hannunsa. Wanda kuma zai yi walda a kan ƙarfe mai tutiya, ya yi a fili, domin hayaƙinta yana sa zazzaɓi. Abin da za a iya ɗauka, a shigar da shi ɗaki daga Nuwamba.

Masu niyyar loda irin waɗannan kaya a kwantena zuwa gida don makaranta ko filin unguwa, Allah ya saka da alheri, amma a tuna yanayi ya bambanta. A Kano, Katsina ko Maraɗi ƙura ce za ta cika boris, rana ta ƙone fenti da roba, ƙarfen ya yi zafin da ba ya taɓuwa da azahar. Can inuwa ake nema. A Legas ko Kwatano kuwa iskar teku ta fi gishirin Winsford ci. Kuma sau da yawa mai waldan unguwa zai ƙera maka sandar reto mai ƙarfi da kuɗin da bai kai na dako ba, in ya lalace kuma ga shi nan kusa.

Jama'a, roƙona a wannan mako guda ɗaya ne. In ka je filin unguwarku, ko a Longsight kake ko Moss Side, ko Handsworth ko Small Heath, kafin ka hau keken nan sunkuya ka dubi gindinsa. In ka ga ja, ɗauki hoto ka aika wa kansul a ranar, ka ajiye lambar rahoton da za su ba ka, bayan mako biyu ka waiwaye su.